Daga Fensir Zuwa Allon Kwamfuta: Yadda Wata Ɗaliba Ta Haye Jarrabawar SAT a Zama na Huɗu

Asalin lamarin

SAT na ɗaya daga cikin manyan jarrabawowi biyu da jami'o'in Amurka ke dubawa wajen ɗaukar ɗalibai, ɗayar kuwa ita ce ACT. Hukumar College Board ce ke shirya ta. Makinta yana farawa daga 400 ya tsaya a 1600, rabi na karatu da rubutun Turanci, rabi na lissafi, kowane ɓangare daga 200 zuwa 800. A ranar 25 ga Janairu 2022 hukumar ta sanar da cewa za ta bar takarda ta koma kwamfuta. Ɗaliban ƙasashen waje ne suka fara ɗanɗanawa a Maris 2023, na cikin Amurka suka biyo baya a Maris 2024. Shi ya sa 'yan aji na 11 (na biyun ƙarshe a sakandare) na shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 suka faɗo daidai kan gaɓa. Da yawansu sun rubuta tsohuwar da sabuwar duka a cikin wata shida.

Ɗalibar da wannan nazari ya bi tana cikin wannan rukuni. Shekararta 16, tana makarantar gwamnati, kuma ba Turanci ake yi a gidansu ba, domin tana 'yar shekara 11 suka shigo ƙasar. A aji tana cikin na gaba a lissafi. Turancinta na magana ba shi da aibu, tana kuma fahimtar abin da ta karanta, sai dai a hankali take karatu, tana bin jimla ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake komai. Abin da take nema a fili yake: maki 1250, wanda da shi wata jami'ar jiharsu ke ba da tallafin karatu kai tsaye idan sakamakon makaranta ma ya kai. Ba tare da tallafin ba, iyayenta ba za su iya ɗaukar nauyin karatun ba. Kuɗin rajista a lokacin dala 60 ne, amma tana cikin waɗanda aka yafe wa saboda ƙarancin samun gidansu, kuma yafewar ta rubuta jarrabawar sau biyu ce kawai.

7 ga Oktoba 2023: zama na farko, a kan takarda

Tsohuwar jarrabawar awa uku ce cif, ban da hutu, da tambayoyi 154. Karatu tambaya 52 a minti 65. Rubutu da nahawu tambaya 44 a minti 35. Lissafi ba kalkuleta tambaya 20 a minti 25, sai lissafi da kalkuleta tambaya 38 a minti 55. Sashen karatun matani biyar ne dogaye, kowanne kalma 500 zuwa 750, a ƙarƙashinsa tambaya goma ko sha ɗaya. Idan aka raba, minti 13 ke nan ga kowane matani, da karantawa da amsawa. A cikin biyar ɗin akan sa ɗaya na tarihi, sau da yawa jawabi ko maƙala ta ƙarni na 18 ko na 19, da Turanci mai doguwar jimla wanda ko 'yan ƙasa yana ba su wuya.

Sakamakon ya fito bayan kimanin mako biyu: 1090, wato 520 a Turanci, 570 a lissafi.

A wancan zamani akwai wata hidima da hukumar ke yi a zaman Oktoba da Maris da Mayu, inda ɗalibi zai nemi a nuna masa tambayoyin duka, da amsar da ya bayar, da amsar da ta dace. Malamar ba da shawara ta makarantar ta sa ta nema, kuma abin da aka gani ya kasu biyu. A karatu, matani uku na farko ta ci kusan kashi uku cikin huɗu. Na huɗu ta yi shi a gurguje. Na biyar kuwa harafi ɗaya ta jera daga sama har ƙasa, domin an kira saura minti biyar tun ba ta fara karanta shi ba.

Na lissafin ya fi ciwo. A sashen kalkuleta ta tsallake tambaya ta 22 da niyyar dawowa, amma ba ta tsallake layinta a takardar amsa ba. Amsar ta 23 ta shiga layi na 22, ta 24 ta shiga na 23, haka har zuwa ta 30. Da aka jera amsoshin nata gefe da gefe da na gaskiya, sai ga su suna tafiya tare da tazarar layi ɗaya, kamar ƙofar da aka kafa a karkace. Amsa takwas ne suka goce, shida daga ciki daidai ne da sun zauna a gurbinsu. Da ta ga layi na 30 babu komai, sai ta ɗauka shi ne gurbin da ta bari.

A cikin watan dai, makarantarsu ta yi jarrabawar share fage ta PSAT, wadda a kakar 2023 ta riga ta koma kwamfuta. Ta rubuta ta a kan Chromebook na makaranta, wata irin ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka, ta samu 560 a ɓangaren Turanci, inda ƙololuwar makin 760 ce. Babu wanda ya tsaya ya kwatanta wannan da 520 ɗin takarda, ita ma ba ta ɗauke ta da wani nauyi ba.

Ƙarshen Oktoba zuwa 2 ga Disamba 2023: maganin da bai kama ba

Ranar 2 ga Disamba ce zama na ƙarshe a kan takarda a Amurka, kuma shawarar da ke yawo a lokacin ita ce a yi maza a gama da tsohuwar kafin sabuwar da ba a san kanta ba ta iso. Ta bi wannan shawara, ta kashe yafewarta ta biyu.

Mako shida ta yi tana shiri. Ta haddace kalmomi 300 a kan ƙananan katuna. Ta gwada dabarar saurin karatu, inda ake jan ido a kan layi ba tare da furta kalma a zuci ba. Ta kuma koma karanta tambayoyi kafin matani. Saurin karatun ya rage mata kusan minti ɗaya a kowane matani, amma fahimta ta ragu, sai ta riƙa komawa baya tana neman abin da ta wuce, minti ɗayan ya koma inda ya fito. Karanta tambayoyi da farko ya jibga mata tambaya goma a ka kafin ta san abin da matanin ke magana a kai. Kalmomin da ta haddace kuwa, jarrabawar ba ma'anar ƙamus take tambaya ba, ma'anar kalma a cikin jimlar da ta zo take nema.

Abu ɗaya ne ya gyaru. Ta koma cike takardar amsa shafi bayan shafi, tana duba lambar tambaya da lambar layi kafin ta ɗora fensir. Gocewar ba ta sake faruwa ba, amma dubawar ta ci nata lokacin.

Sakamako: 1120, Turanci 530, lissafi 590. Matani na biyar dai bai samu karatu ba.

Janairu zuwa 9 ga Maris 2024: sabuwar jarrabawa, tsohon shiri

Sabuwar jarrabawar awa biyu da minti 14 ce, da tambayoyi 98. An haɗe karatu da rubutu wuri guda, tambaya 54 a minti 64. Lissafi tambaya 44 a minti 70. A tsakani akwai hutun minti 10. Kowane sashe an raba shi zango biyu daidai wa daida: Turanci tambaya 27 a minti 32, sau biyu, lissafi tambaya 22 a minti 35, sau biyu. Dogayen matani sun tafi. Yanzu kowace tambaya da ɗan mataninta, kalma 25 zuwa 150. Kalkuleta ta halatta a lissafin gaba ɗaya, kuma akwai ta Desmos mai zana giraf a cikin manhajar jarrabawar, wadda ake kira Bluebook.

Babban sauyin shi ne yadda zango na biyu ke bin sawun na farko. Zango na farko gauraye yake, da masu sauƙi da matsakaita da masu wuya. Da ɗalibi ya gama shi, manhajar za ta auna ƙoƙarinsa ta tura shi ɗaya daga cikin hanya biyu: zango na biyu mai yawan tambayoyi masu wuya, ko mai yawan masu sauƙi. Makin ƙarshe yana duba amsoshin zangon biyu da kuma nauyin tambayoyin. Wanda aka tura hanya mai sauƙi, ko ya cinye zangon na biyu kaf, ba zai kai saman ma'aunin ba. A cikin zango ɗaya ana iya kai da kawo tsakanin tambayoyi yadda aka ga dama, amma da lokacinsa ya cika an rufe shi ke nan.

Ɗalibar ta san duk wannan a baki, amma shirin nata bai canza ba. Ta sauko da jarrabawowin gwaji na takarda daga shafin hukumar ta buga su. Waɗannan an tanade su ne domin masu larurar da ke sa a ba su takarda. Ba sa bin sawun kowa, kuma tambayoyinsu sun fi yawa, 33 a zangon Turanci, 27 a na lissafi, da lokacin da ya fi tsawo. Wato ta yi wata biyu tana saba wa kanta da wani agogo dabam. Kalkuletar hannu da ta saba da ita ta ci gaba da amfani da ita, tunda an yarda a shiga da ita. Desmos ko sau ɗaya ba ta buɗe ba.

Sai batun na'ura. Ana rubuta jarrabawar a kan kwamfutar Windows ko Mac, ko iPad, ko Chromebook da makaranta ke kula da shi. Chromebook na kashin kai ba ya yi. Wanda ba shi da na'ura zai iya neman aro daga College Board, da sharaɗin ya nema aƙalla kwana 30 kafin ranar. Ta wuce wannan wa'adi ba ta sani ba, sai ta ari tsohuwar kwamfutar yayanta. Akwai matakin da ake bi a cikin Bluebook daga kwana biyar zuwa kwana ɗaya kafin jarrabawa, inda manhajar ke duba na'urar ta fitar da takardar shiga. A daren jajibiri ta yi shi, kuma a nan ne ta fara ganin fuskar manhajar a kan wannan kwamfuta. Hukumar ta ce batir ya iya riƙe caji na awa uku, domin ba kowace kujera ke kusa da soket ba. Batirin yayan nata da ƙyar yake kai awa biyu. Ta yi sashen Turanci ido ɗaya a kan tambaya ɗaya a kan alamar caji, sai a lokacin hutu mai sa ido ya mayar da ita kusa da bango.

Duk da haka, a karon farko ta karanta kowace tambayar Turanci ta amsa ta. A lissafi ta ruga da tambayoyin farko na zango na ɗaya domin ta tara lokaci ga masu wuyar ƙarshe, tunda a jere suke daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Zango na biyu ya zo mata da daɗi, ta gama da saura minti tara, ta fito tana gaya wa mahaifiyarta cewa wannan karon an dace.

Sakamako: 1130, Turanci 570, lissafi 560. An biya dala 60.

Ƙarshen Maris 2024: gano inda gizo ke saƙar

Turanci ya tashi da maki 40 ba tare da ta ƙara sanin Turanci ba. Lissafi, inda ƙarfinta yake, ya faɗi da 30. Sabuwar jarrabawar ba ta nuna wa ɗalibi tambayoyin da ya faɗi, ba ta kuma faɗa masa hanyar da aka tura shi. Takardar sakamakon tana nuna ƙoƙarinsa ne kawai a fannoni takwas, huɗu na Turanci huɗu na lissafi. Saboda haka malamar ta sa ta zauna ta rubuta cikakkiyar jarrabawar gwaji a cikin Bluebook, wadda ke bin sawu kamar ta gaske, kuma bayan an gama ana iya duba kowace tambaya da bayanin amsarta.

Ta samu 1150, kuma abin da ya faru a Maris ya maimaita kansa a gaban idonsu. A zangon lissafi na farko ta faɗi tambaya tara cikin 22. Huɗu daga ciki suna cikin goma na farko, kuma da aka sake ba ta su ba agogo ta warware su duka. A ɗaya an tambayi x + y ta ba da x. A wata ta manta alamar ragi. A wata kuma, inda ɗalibi ke rubuta amsa da kansa, ta rubuta 3 1/2, manhajar ta karanta shi a matsayin 31/2, alhali 7/2 ko 3.5 ya kamata ta shigar. Tambayoyi ukun ƙarshe da ta yi wa tanadin lokaci sun cinye minti 11, ta ci ɗaya. Zango na biyu da ya biyo baya mai sauƙi ne, ta kuma gama shi da ragowar lokaci, daidai da yadda ta ba da labarin ranar 9 ga Maris. Dukkan alamu sun nuna cewa sauƙin da ta yi murna da shi a ranar shi ne shaidar an riga an sauke ta hanyar ƙasa.

A Turanci kurakuran sun taru a wuri biyu: tambayoyin zaɓen kalmar da ta dace da jimla, waɗanda su ne ke buɗe kowane zango, da tambayoyin fitar da abin da matani ke nufi ba tare da ya faɗa ba. Tambayoyin nahawu da alamomin rubutu kusan duka take ci, kuma cikin sauri.

25 ga Maris zuwa 31 ga Mayu 2024: mako goma na gyara

An bar zaman 4 ga Mayu ya wuce, domin ya zo daf da wasu jarrabawowinta na makaranta, aka yi rajistar 1 ga Yuni. Tsarin shi ne minti 40 kullum daga Litinin zuwa Juma'a, da cikakkiyar jarrabawar gwaji a Bluebook duk bayan mako uku, ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, da hutun minti 10 kamar na gaske. Makarantar ta yarda ta riƙa tafiya gida da Chromebook ɗin da aka ba ta, wanda an riga an sa masa manhajar, kuma a kansa za ta rubuta jarrabawar. Daga ranar ba ta sake yin atisaye a takarda ba, sai farar takardar gwada lissafi, irin wadda ake rabawa a ɗakin jarrabawa.

Gyara na farko ya shafi rabon lokaci a zangon lissafi na ɗaya. Minti 35 ga tambaya 22 yana ba da kusan daƙiƙa 95 ga kowace. Aka ce ta ba tambayoyi 15 na farko minti 20 cikakku ko da ta ga za ta iya gamawa a 12, kuma kafin ta danna amsa ta sake karanta layin ƙarshe na tambayar, inda ake faɗin ainihin abin da ake nema. Duk tambayar da ta kai minti biyu ba a ga hanya ba, ta zaɓi amsa mafi kusa, ta sa mata alamar dawowa da ke saman allon, ta wuce. Ba a rage maki a kan amsar da ba daidai ba, don haka babu dalilin barin gurbi. A ƙarshen zango manhajar tana nuna shafi ɗaya mai ɗauke da lambobin tambayoyin duka, da waɗanda ba a amsa ba da waɗanda aka sa wa alama. Kuskuren layi na 22 ba shi da ƙofar shigowa a nan, tunda amsa a jikin tambayarta take.

Gyara na biyu shi ne Desmos, kuma shi ya fi ɗaukar lokaci, mako uku cur. Aljebra da abin da ya ginu a kanta sun kai kusan kashi 70 cikin 100 na lissafin jarrabawar, kuma da yawa daga cikinsu giraf na warware su. Misali, idan aka ba da 2x + 3y = 12 da x − y = 1, ana rubuta su a layi biyu yadda suke, layuka biyu su bayyana a allon, a danna inda suka gicciye juna, (3, 2) ya fito. Da hannu takan kai minti ɗaya da rabi a kan irin wannan, da Desmos daƙiƙa 25. Idan aka rubuta y = x² − 5x + 6, lanƙwasar za ta nuna inda ta yanki layin x, a kan 2 da 3, da kuma gindinta. Idan tambaya ta ƙunshi wani harafi da ba a san ƙimarsa ba, kamar k, ana iya sa masa madanni mai zamewa, a ja shi har layukan biyu su daina haɗuwa.

Kayan aikin yana da ramukansa, kuma ta faɗa kowannensu a gwaji. Yakan ba da amsa a lamba mai ɗigo alhali zaɓin da ke tambayar a siffar ɓangare ko saiwa yake, sai an juya zaɓin zuwa lamba a kwatanta. Yana da ma'aunin kusurwa iri biyu, radiyan da digiri, don haka sai an duba wanda tambayar ke magana da shi, a sauya daga alamar sifana da ke gefe idan bai dace ba. Wani lokaci kuma mahaɗar layukan tana wajen abin da allon ke nunawa, sai an ja baya kafin a gan ta. A mako na uku ma ta zarce gona da iri, tana jefa masa tambayoyin da za ta iya yi da ka a daƙiƙa 10. Aka kafa mata ƙa'ida: abin da zai wuce layi uku a takarda shi ake kai wa giraf.

Gyara na uku a Turanci ne. Tambayoyin kowane zango a rukuni suke zuwa kuma jerin ba ya canzawa: kalmomi da tsarin matani a farko, sai fahimta da hujja, sai nahawu, sai kalmomin haɗa jimla da tambayoyin harhaɗa bayanai a ƙarshe. Tunda ana iya tsallakawa, ta koma farawa daga inda nahawu ya soma, wajen tsakiyar zangon, ta bi har ƙarshe cikin kimanin minti 12, sannan ta dawo tambaya ta 1 da minti 20 a hannu domin masu buƙatar karatu a natse. A tambayoyin kalma ta daina duba zaɓi da farko. Sai ta karanta jimlar, ta sa kalmarta mai sauƙi a gurbin, sannan ta nemi wadda ta fi kusa da ita, tana soke sauran da abin sokewa na manhajar. Agogon da ke saman allo yana ɗaga mata hankali, sai ta riƙa ɓoye shi, ta duba sau biyu a zango. Da kansa yake dawowa idan saura minti biyar.

Duk kuskuren da ta yi tana rubuta shi a littafi da dalilinsa: rashin sani, ko gaggawa, ko rashin lokaci. Na rashin sani kaɗai take kai wa darussan shafin intanet na Khan Academy, waɗanda kyauta ne kuma an shirya su tare da College Board. Makin gwaji ya tafi haka: 1190 a tsakiyar Afrilu, 1240 a farkon Mayu, 1260 a ranar 25 ga Mayu. Kurakuran gaggawa a zangon lissafi na farko sun sauko daga huɗu zuwa ɗaya.

1 ga Yuni 2024: zama na huɗu

Ta kammala matakin shiri na Bluebook tun ranar Talata, ta buga takardar shiga, ta kwana da na'urar a caji. A ɗakin, mai sa ido ya ba da lambar ɗaki, daga baya ya karanto lambar farawa, kowa ya shigar, agogon kowa ya soma nasa lissafin.

Zangon lissafi na biyu ya zo da wuya tun daga tambayoyin farko. Uku na ƙarshe canka ta yi. Wannan karon ta san abin da wuyar ke nufi, ba ta rikice ba.

Da lokaci ya cika, intanet ɗin cibiyar ya yanke, amsoshinta suka ƙi tafiya. Manhajar tana buƙatar intanet ne a farko da ƙarshe kawai, a tsakani kuwa a kan na'urar take ajiye komai, shi ya sa ko kwamfuta ta mutu aka sake kunna ta, ɗalibi yakan ci gaba daga inda ya tsaya bayan mai sa ido ya amince. Aka ce mata ta buɗe manhajar da zarar ta samu intanet. Ta yi hakan a gida da rana, amsoshin suka tafi.

Sakamako bayan kimanin mako biyu: 1270, Turanci 610, lissafi 660. An yi tunanin sake zama a ranar 24 ga Agusta, lokacin kuɗin ya koma dala 68, aka ga babu buƙata tunda an wuce 1250. Ta tura takardun neman gurbi a kaka, jami'ar ta ɗauke ta da tallafin.

Hukunci

Daga 1090 zuwa 1270 maki 180 ne, kuma ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Kashi na farko sauyin jarrabawar ne ya ba ta shi kyauta. Maki 40 da Turancinta ya ƙaru a Maris, da 560 ɗin PSAT tun a Oktoba, duka suna nuni ga abu ɗaya. A takarda, idan aka haɗa karatu da rubutu, tambaya ɗaya tana da kusan daƙiƙa 63, a kwamfuta kusan 71. Bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Abin da ya fi shi tasiri shi ne gajartar matani. A da, matani ɗaya da bai samu karatu ba yana tafiya da tambaya goma. Yanzu matanin da ya gagara tambaya ɗaya yake ci. Ga ɗalibi mai karatu a hankali amma da fahimta, wannan gyara ne na adalci, domin abin da ya sani ake aunawa yanzu fiye da saurin idonsa. Haka kawar da takardar amsa ta cike da'ira: amsa shida da ta rasa a Oktoba ba su da alaƙa da iliminta na lissafi.

Kashi na biyu, wanda ya fi yawa, sai da aka yi aiki a kansa. Zaman Maris ya nuna cewa wanda ya shiga sabuwar jarrabawar da ɗabi'un tsohuwar zai iya komawa baya a fannin da ya fi ƙwarewa. A takarda kuskuren gaggawa a tambaya ta 4 daidai yake da faɗuwa a ta 30. A nan kuwa kurakuran zango na farko suna iya rufe wa ɗalibi hanyar sama tun kafin ya ga rabin tambayoyin. Babban kuskuren shirin ba na yarinyar ba ne kaɗai. Shawarar a ruga a rubuta ta Disamba ta cinye yafewarta ta ƙarshe a kan tsarin da aka riga aka ga bai dace da ita ba, alhali sakamakon PSAT yana hannu. Da an duba shi, da an tanadi yafewar aka fara aiki da Bluebook tun Nuwamba.

Akwai kuma abin da sauyin ya ƙwace. Gocewar layi na 22 an gano ta ne domin tsohon tsari yana mayar wa ɗalibi tambayoyinsa. Sabon ba ya yi, sai dai a yi hasashe daga jarrabawar gwaji. Sannan amfanin Desmos da sauran kayan manhajar yana hannun wanda ke da na'urar da zai yi atisaye a kai na makonni. Wannan ɗaliba ta samu ne domin makarantarta ta bar ta ta tafi gida da Chromebook. Na'urar aro daga hukumar a ranar jarrabawa ake miƙa ta a cibiya, ba ta magance mako goman da suka gabace ta.

Tambayoyin zaɓen kalma kuwa har zaman Yuni su ne mafi rauni a takardar sakamakonta. Sauyin tsari bai taɓa su ba, dabarar mako goma ma kaɗan ta rage, domin shekara biyar kacal ta yi tana karatu da Turanci.